Tarihin Horon Haɗin Kai a Ɗakin Tuƙin Jirgin Sama

Horon haɗin kan ma'aikatan jirgin sama, wanda ake taƙaita sunansa da CRM, tsari ne na koya wa matuƙa yadda za su raba aiki, su saurari juna, su kuma yanke shawara tare. Rubutattun ƙa'idojin aiki sun riga shi daɗewa, domin jerin abubuwan dubawa, wato takardar da matuƙa ke bi ɗaya bayan ɗaya kafin tashi da sauka, ya samo asali ne daga faɗuwar jirgin gwajin Boeing samfurin 299 a Amurka a 1935. Sai dai har zuwa shekarun 1970 kyaftin ne mai wuƙa da nama, kuma da wuya na ƙasa da shi ya yi masa musu.

Haɗarin tsibirin Tenerif na ranar 27 ga Maris, 1977, shi ya fito da illar wannan al'ada fili. Jiragen Boeing 747 biyu, na kamfanin KLM da na Pan Am, sun yi karo a titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM, wanda babban malamin matuƙa ne a kamfaninsa, ya fara gudun tashi ba tare da izinin hasumiyar kula da jirage ba, kuma da injiniyansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya kauce daga titin, sai ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya kauce, injiniyan kuwa bai sake magana ba. Ƙwarewar da ake dogaro da ita ita ce ta rufe bakin mai shakka. A ƙarshen 1978 kuma mai ya ƙare wa wani jirgin kamfanin United a Fotland, yayin da kyaftin ya shagala da matsalar tayoyin sauka.

Hukumar NASA ta kira taro kan lamarin a 1979, sannan United ta fara cikakken horon a 1981. Amfaninsa ya bayyana a 1989, lokacin da injin wani jirgin DC-10 ya fashe ya lalata hanyoyin sarrafa jirgin gaba ɗaya, sai Kyaftin Al Haynes ya karɓi taimakon wani malamin matuƙa da ke cikin fasinjoji, suka lallaɓa jirgin da ƙarfin injuna biyun da suka rage har filin Sioux City, inda mutum 184 daga cikin 296 suka tsira.