Ƙuri'ar Murya da Makomar Iyaka: Alhakin Sanatoci a Idon Mutanen Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyar da mazaunin Jibiya zai bi ya tuhumi sanatansa kan tantance ministoci da manufofin iyaka. Ta dogara da Kundin Tsarin Mulkin 1999 da zaman Majalisar Dattawa na Agustan 2023, inda ta gano cewa ƙuri'ar murya na ɓatar da sawun kowane sanata.

Gabatarwa

Jibiya, wadda ke mazaɓar Katsina ta Tsakiya, da hanyar Maraɗi take ci. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sannan a Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ko da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya sai da ta jira Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyakar. Tireloli suka yi jerin gwano a Magama da ke bakin iyaka, albasa na ruɓewa, 'yan dako na zaman kashe wando.

Tattaunawa

Cikin kwana uku Majalisar Dattawa ta yanke hukunci biyu da suka shafi garin. Ranar 5 ga Agusta, bayan wasiƙar Shugaba Tinubu kan rikicin Nijar, ta ƙi goyon bayan yaƙi da Nijar, ta nemi a bi hanyar sulhu. Sanatocin Arewa sun taka rawar gani, amma bayan ganawar sirri aka fitar da matsayar, da sunan majalisa baki ɗaya. Ranar 7 ga wata kuma ta amince da mutum 45 cikin 48 da aka gabatar mata domin zama ministoci, bisa sashe na 147 na Kundin, ta jingine uku, ciki har da Nasir El-Rufa'i.

A nan gizo ke saƙa. Sunayen sun zo ba tare da ma'aikatu ba, sai daga baya aka san Olubunmi Tunji-Ojo ne zai riƙe harkokin cikin gida, wato uban gidan Hukumar Shige da Fice. Ta yaya sanata zai tambayi mutum ra'ayinsa kan yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan ECOWAS damar zaman kwana 90 babu biza, alhali bai san kujerar da za a ba shi ba? Wasu ma rusunawa kawai suka yi aka sallame su. Da aka zo ƙuri'a, shugaban majalisa ya saurari amon masu amincewa ya buga guduma. A Amurka akan rubuta sunan kowane sanata da abin da ya zaɓa kan manyan naɗe-naɗe. Dokokin majalisarmu ma sun yarda a nemi ƙirge, ba safai dai ake nema ba.

Sashe na 69 ya tanadi kiranye, sai dai yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista, abin da ya gagara a mazaɓar Sanata Dino Melaye a 2018. Saura ranar zaɓe, ita ma babu rubutacciyar shaida a hannun mai zaɓe.

Kammalawa

An sake buɗe iyakar a Maris 2024 da umarnin shugaban ƙasa, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka sababbin ƙa'idojin shige da fice na iya biyo baya. Maƙalar na ba da shawarar a riƙa turo sunan kowane minista haɗe da ma'aikatarsa, a kuma wajabta rubuta ƙuri'ar kowane sanata a wallafa ta, har da Hausa.