Tarihin Tuƙin Ƙaramin Jirgin Sama don Sha'awa a Ƙasar Hausa

Tuƙin jirgin sama don sha'awa shi ne mutum ya tuƙa ƙaramin jirgi, nasa ko na haya ko na ƙungiya, ba don a biya shi ba, sai don yawon buɗe ido ko ziyara ko gwada bajinta. Galibi jirgin mai inji ɗaya ne da farfela a hanci, kujerunsa biyu zuwa huɗu. Lasisinsa shi ne na farko a matakan tuƙi: mutum ya kai shekara 17, likita ya tabbatar da lafiyarsa, ya ci jarrabawa, ya kuma cika aƙalla awa 40 a sama. A Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu abin ya zama al'ada mai ƙungiyoyi da ƙananan filaye. A ƙasar Hausa ya girmi yawancin filayen jirginmu, sai dai kusan duk labarinsa na baƙi ne masu wucewa.

Sojoji ne suka share fage. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka sauka a filin sukuwa na Kano, a zamanin Sarki Usman. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Ba yawo ya kawo su ba, hanya suke aunawa. Amma sun nuna abin da masu sha'awa suke son ji: da rani, fili mai faɗi da ƙasa mai tauri sun ishi jirgi sauka, ko da kwalta ko babu.

A wannan shekarar ce kamfanin De Havilland ya fito da Moth, ƙaramin jirgi na katako da yadi mai kujera biyu, wanda ake naɗe fukafukansa a tura shi rumfa. Mai hali na iya saye, shi ya sa attajiran Turai da matansu suka bazama Afirka. Lady Mary Bailey ta tashi daga Landan a Maris 1928 ita kaɗai, ta kai Cape Town, sannan a dawowa ta biyo ta Kwango da gefen kudancin Sahara da gaɓar Afirka ta Yamma, ta isa gida a Janairu 1929. Tarihin da hukumomin jiragen saman Nijeriya ke bayarwa yana ambaton wani Bature, Bud Carpenter, wanda ke zirga-zirga da Moth tsakanin Kano da Legas, yana bin layin dogo don kada ya ɓata. A ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931 Walter Mittelholzer, matuƙi kuma mai ɗaukar hoto daga Suwizalan, ya ratso Sahara da jirgin Fokker zuwa Tafkin Chadi, ya yada zango a Kano. Hotunan da ya ɗauka, na ganuwa da soraye da kududdufai daga sama, suna nan a ajiye a Zurich, kuma duk mai son ganin yadda birnin yake a zamanin Sarki Abdullahi Bayero zai amfana da su.

Yadda ake tafiyar ya cancanci a tsaya a kansa. Babu rediyo a yawancin jiragen, balle na'urar da ke nuna wuri. Taswira ce a kan cinya, sai kamfas, sai agogo. Matuƙi yana leƙen ƙasa yana neman gulbi ko dutse ko layin dogo da zai gwada da takarda. Mai kuwa a garwa ake kawo shi, a tsiyaya ta cikin fata mai laushi don a tace ruwa da ƙura kafin ya shiga tanki. Babban abokin gaba shi ne hazon hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura kan rufe sararin sama har a kasa bambance inda ƙasa ta ƙare da inda sama ta fara, kuma wanda ke tuƙi da ido ba shi da dabara in ya kasa ganin ƙasa. Har gobe dokar tuƙi da ido tana neman a iya hangen kimanin kilomita 5. Da damina kuma hadari ne ke tasowa daga gabas da la'asar, ya mayar da filin da aka sauka da safe taɓo.

Masu neman kafa tarihi tsakanin Landan da Cape Town sun fi bin Gao, a bakin kogin Kwara. Amy Johnson ta bi ta nan a Nuwamba 1932, ta isa cikin kwana 4 da 'yan awoyi. Bill Lancaster bai yi wannan sa'a ba. A Afrilu 1933 ya tashi daga Reggane ya nufi Gao, injinsa ya mutu, ya faɗi a hamadar Tanezrouft. Ya yi kwana 8 a gindin fiffike yana tsimin ruwa yana rubutu a littafin jirgin, kuma ba a ga gawarsa ba sai a Fabrairu 1962, lokacin da sojojin Faransa suka yi kiciɓis da ita. Alex Henshaw ya yi tafiyar cikin ƙasa da awa 40 a Fabrairu 1939, aka shekara 70 ba wanda ya kama shi. Wanda ya karya tarihin a Mayu 2009, Chalkie Stobbart na Afirka ta Kudu, da jirgin katako haɗin gida ya yi, kuma Kano na cikin wurare uku da ya sha mai, tare da Brazzaville da Aljiyas.

Duk wannan kai da kawowa bai taɓa yammacin Zamfara ba sai daga nesa. Layin dogo ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai karkata yamma ba, don haka mai bin ƙarfen jirgin ƙasa da ido ba abin da zai kai shi Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Babu filin jirgin fasinja a ɗaya daga cikin garuruwan uku. Ko bayan da aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, shekara da shekaru maniyyatan yankin sai sun hau mota zuwa Sakkwato kafin su ga ƙofar jirgi.

Ta wannan ƙofar, ta aikin Hajji, yawancin Hausawa suka san jirgin sama, ba ta wasa ba. Kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano a 1936. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi sun bi ta Kano da Maiduguri zuwa Masar. Daga shekarun 1950 jirgi ya soma maye gurbin doguwar tafiyar ƙasa ta Sudan. Jirgi ya zama abin gwamnati da soja da alhazai, kuma bai bar wannan matsayi ba.

Wurin da ya kamata sha'awar ta yi saiwa shi ne Zariya. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a can, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar jiragen sama ta duniya, don horar da 'yan Nijeriya da na sauran Afirka. Mutanen Samaru da Palladan sun saba da ƙugin ƙananan jirage suna zagaye, su taɓa ƙasa su sake tashi. Nan Chinyere Kalu ta koya, macen farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya, daga baya ta shugabanci makarantar. Makarantar na ba da horon ƙaramin lasisi, amma kusan duk wanda ya je, aiki yake nema a kamfanin jirage. Dalilin a fili yake. Kuɗin horon miliyoyin naira ne, sau da yawa gwamnatin jiha ce ke biya, kuma ba gwamnan da zai biya wa yaro don ya riƙa shawagi ran Lahadi. Man da injin ƙaramin jirgi ke sha daban yake da na manyan jirage, daga waje ake shigo da shi, ga tsada ga wuyar samu. Kayan gyara da dala ake saye. Ko tashi daga wannan gari zuwa wancan sai da takardun izini.

Akwai abin ban takaici a labarin jirgin Air Beetle. Kamfanin AIEP na Kaduna ya harhaɗa guda 60 domin horar da sojojin sama, bisa ƙirar RV-6A ta Amurka, wadda asalinta jirgi ne da masu sha'awa ke saye gunduwa-gunduwa su haɗa a garejin gida. Jirgin da aka ƙirƙira don nishaɗi, da ya zo Kaduna kakin soja aka sa masa.

Masu sha'awar ba su rasa ba, ɗaiɗaiku ne. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarfe, ya ɗaga shi 'yan ƙafafu daga ƙasa, labarin ya zaga duniya. Gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya koyi tuƙi a Zariya yana kan mulki, ya riƙa tuƙa kansa, har ranar 25 ga Oktoba 2012 da jirginsa ƙirar Cessna ya faɗi kusa da Yola. Bai sake samun lafiya ba har rasuwarsa a 2017, kuma hatsarin ya ƙara wa mutane tsoron abin. A shekarar da ya rasu ne Ademilola Odujinrin ya kammala zagaya duniya shi kaɗai a jirgi mai inji ɗaya. Su kuwa jiragen alfarma na attajirai da 'yan siyasa ba sa cikin wannan lissafi, domin mai jirgin a baya yake zama, wani ke tuƙi.

A yammacin Zamfara zancen jirgi ya ɗauki wata fuska dabam tun da zinariya ta shigo. Bayan gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, sai ta'addancin 'yan bindiga ya biyo baya, tare da jita-jitar cewa jirage masu saukar ungulu na sauka a daji su ajiye makamai su kwashi zinariya. Ranar 2 ga Maris 2021, kwanaki kaɗan bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, Shugaba Muhammadu Buhari ya haramta shawagin jirage a sararin jihar, ya kuma jaddada hana haƙar ma'adinai. A Yulin shekarar 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya tsira da lema. Manomi a Gummi ko Bukkuyum in ya ji ƙugi a sama yanzu, jirgin soja yake tsammani, ya duba inda yaransa suke. A Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau, domin fasinja da kaya da alhazai.