Nabemono

Nabemono, ko nabe a taƙaice, rukunin abincin Japan ne da ake dafawa a tukunya ɗaya a tsakiyar teburi, masu ci na zagaye da ita, kowa na tsamo rabonsa yana ci da zafinsa. An fi cinsa lokacin sanyi.

A da, a kan murhun da ake tonawa a tsakar ɗaki ake ɗora tukunyar. Yanzu ƙaramin rishon gas ya gaje shi, irin wanda kamfanin Iwatani ya fito da shi a 1969.

Tukunyar da aka fi so ita ce donabe, ta yumɓu, saboda tana riƙe zafi. Sai dai tana son lallami: ba a ɗora ta a wuta gindinta a jiƙe, kuma sabuwa akan fara dafa kunun shinkafa a cikinta don ya toshe ƙananan ƙofofin yumɓun, in ba haka ba sai ta tsage.

Romon, wato dashi, galibi daga ciyawar teku kombu da busasshen kifi ake yinsa. Akan fara zuba abin da ke jimawa bai nuna ba, kamar kaza da karas, sannan kabejin Sin, naman kaza (wato mushroom), albasa da awara. Ganye mai laushi shi ne ƙarshe. Wasu nau'o'in na ɗauke da naman alade ko giyar shinkafa, amma kaza da kifi na wadatarwa.

Fitattun nau'o'insa sun haɗa da sukiyaki, shabu-shabu da chankonabe na 'yan kokawar sumo. Idan kayan ciki suka ƙare, akan zuba shinkafa ko taliyar udon a sauran romon a cinye.