Dariyar Camama a Bakin Dajin Rugu

Ra'o'i uku ne suka fi shahara wajen bayanin dariya. Thomas Hobbes na Ingila, a 1651, ya danganta ta da fifiko: mutum kan dara idan ya ga wani ya gaza shi. Immanuel Kant na Jamus, a 1790, ya ga asalinta a saɓanin abin da aka zata da abin da ya auku. Sigmund Freud kuwa, a 1905, ya ɗauke ta hanyar amayar da abin da aka danne a zuci. Da'awata ita ce, ukun nan suna bayyana yadda ake gina barkwanci a fim, amma ba su taɓo sharaɗin da ke sa mai kallo ya saki jiki ya dara ba.

Mu ɗauki fitowar da finafinan camama suka sha maimaitawa tun zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014. Bafulatanin daji ya shigo birni, malafa a ka, sanda a wuya, hannaye rataye a kanta. Hausarsa na mayar da namiji mace, komai ya gani sai ya saki baki, can sai ga ɗan damfara ya tare shi. Zuwa nan Hobbes ya wadatar, mai kallo na jin ya fi shi wayewa. Sai dai sau da yawa reshe kan juye da mujiya, wanda aka raina ya yi wa ɗan birni wayo, a nan kuma Kant ne da gaskiya. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce. Tun kafin kyamara, 'yan kama kan ari muryar mai wa'azi su cika ta da zancen tuwo da miya.

Sharaɗin da ya rage shi ne aminci. A 1940 masani Radcliffe-Brown ya bayyana wasan barkwanci da raini wanda al'ada ta yarje, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, kaka da jika. Masu bincike McGraw da Warren, a 2010, sun ce abu kan ba da dariya ne idan ya keta ƙa'ida kuma aka tabbata ba zai cutar ba. Camama ta gaji wannan izini ne daga al'ada, ba ita ta ƙirƙiro shi ba.

A ƙasar Safana da Batsari, bakin dajin Rugu, izinin nan yana da tushe a da. Makiyayi kan sauka a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci harawa su bar taki, matar makiyayin ta kai nono kasuwa. Wanda ake kwaikwayo a fim maƙwabci ne, shi ma yana da tasa tsokanar da zai rama. Sai satar shanu da garkuwa da mutane suka ci yankin, har aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin biyu da wasu a Satumbar 2021. Fim ɗin da ke cikin waya bai canza ba. Amma ga wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, kwaikwayon nan na iya tuno masa muryar da ya yi ciniki da ita. Ga makiyayin da shi ma aka kore masa garke, kuma ake binsa da kallon zargi a kasuwa, abin ya tashi daga wasa ya koma izgili.

Wani zai ce ai masu wahala sun fi kowa buƙatar dariya, ga kuma gajerun bidiyon barkwanci a kan masu garkuwa suna yawo a TikTok da Facebook. Haka ne, Freud na da rabonsa. Sai dai a duba a ina ake shirya yawancinsu da kuma wa ake yi dominsu. Ɗan wasan da ke Kano yana da tazarar da ke mayar da bindigar roba abin dariya, ɗan bakin dajin Rugu da ke kwana da kunne ɗaya ba shi da ita.