Baraden Cocin Katolika da Ƙungiyoyin Asiri: Tarihin Alaƙarsu da Matsayin Doka

A manyan bukukuwan Cocin Katolika a Nijeriya, kamar naɗin bishop ko jana'izar babban limami, akan ga wasu maza cikin kayan sarki, wasunsu riƙe da takubba, suna yi wa shugabannin coci rakiya. Su ne ake kira Knights, wato barade. Da yake suna da matakan girma da bikin shigar da sababbin mambobi, mutane da dama na ɗaukar su a matsayin ƙungiyar asiri. Tarihi ya nuna cewa an kafa su ne domin su janye mazan Katolika daga ƙungiyoyin asirin, ta hanyar ba su irin zumunci da taimakon junan da suke nema a can.

Asalin saɓanin

Fitacciyar ƙungiyar da cocin ta daɗe tana adawa da ita ita ce Freemason, wadda aka kafa babbar majalisarta ta farko a Landan a 1717. Mambobinta na cewa ba addini ba ce, ƙungiyar 'yan'uwantaka ce mai koyar da ɗa'a da taimakon mabukata, kuma tana karɓar mabiya addinai daban-daban. Sai dai tana gudanar da tarukanta a rufe, kuma mai shiga yakan yi rantsuwar riƙe sirri.

A 1738 Fafaroma Clement na 12 ya haramta wa Katolika shiga cikinta. Fafaroma Leo na 13 ya sake jaddada haramcin a wata doguwar wasiƙa a 1884, sannan kundin dokokin coci na 1917 ya tanadi hukuncin fitarwa daga zumuntar coci ga duk wanda ya shiga. Hujjojin cocin guda biyu ne manya. Na farko, mai shiga yana rantsuwa a kan abin da bai riga ya sani ba, kuma ba zai iya bayyana shi ga shugabannin addininsa ba. Na biyu, cocin na ganin koyarwar ƙungiyar tana ɗaukar dukkan addinai daidai wa daida, abin da ya saɓa wa aƙidarta.

Da sabon kundin dokoki ya fito a 1983 ba tare da ambaton sunan Freemason ba, wasu sun zaci an sassauta. Amma a ranar 26 ga Nuwamban shekarar, ofishin kula da aƙida na Fadar Vatican, ƙarƙashin Kadinal Joseph Ratzinger wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya bayyana cewa haramcin na nan daram, kuma ɗan Katolikan da ya shiga ba zai karɓi Jibin Ubangiji ba. A Nuwamban 2023 ofishin ya maimaita wannan matsayi da amincewar Fafaroma Francis, a amsar da ya ba wani bishop daga ƙasar Filifin.

Dalilin kafa baraden

Haramci kaɗai bai wadatar ba, domin ƙungiyoyin da aka hana suna biya wa mutane buƙatu na zahiri. A Amurka ta ƙarni na 19, ma'aikacin da ya shiga irin wannan ƙungiya yakan samu abokai da hanyar aiki, kuma idan ya rasu a tallafa wa iyalinsa. Wannan ya sa wani limami mai suna Michael McGivney ya kafa Knights of Columbus a birnin New Haven a 1882, da tsarin inshora ga mata da marayun mambobi. Ƙungiyar ta ari salon waɗancan ƙungiyoyi, wato matakan girma da tufafi na musamman da bikin shigarwa, amma ta sanya kanta ƙarƙashin kulawar limamai.

Wannan salo ya iso Afirka ta Yamma, inda aka kafa Knights of Marshall a Sekondi ta ƙasar Gana a 1926. A Nijeriya kuwa, Fada Anselm Ojefua ya kafa Knights of St. Mulumba a Onitsha a ranar 14 ga Yunin 1953. An raɗa mata sunan Matthias Mulumba, ɗaya daga cikin Kiristocin da aka kashe saboda addininsu a Yuganda a 1886. Daga cikin manufofinta na farko akwai kare 'yan bokon Katolika daga ƙungiyoyin asiri. Ta biyu mafi shahara ita ce Knights of St. John International, wadda ta samo asali a Amurka a 1886, ta kuma shigo Nijeriya a 1976. Kowace daga cikinsu tana da reshen mata.

Yanayin da aka kafa su a Nijeriya

Freemason ta shigo Legas ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 tare da Turawan mulki da 'yan kasuwa, daga baya ta buɗe rassa a garuruwa irin su Kaduna da Jos da Kano. A 1914 wani limamin Cocin Angilika, T.A.J. Ogunbiyi, ya kafa ƙungiyar da aka sani a yau da Reformed Ogboni Fraternity, bisa tsohuwar al'adar Ogboni ta Yarabawa. Ta samu manyan mutane, ciki har da Sir Adetokunbo Ademola, ɗan ƙasa na farko da ya zama Babban Alƙalin Nijeriya. A wancan zamani ra'ayi ya yaɗu cewa ƙarin girma da kwangila da nasara a kotu duk suna hannun 'yan ƙungiya. Malamin makaranta ko akawu ɗan Katolika mai neman ci gaba sai ya tsinci kansa tsakanin umarnin cocinsa da buƙatar samun uban gida. Giɓin da baraden suka zo cikewa ke nan.

Abin da dokar ƙasa ta ce

A 1977 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta haramta wa ma'aikatan gwamnati zama mambobin ƙungiyoyin asiri. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 38(4), ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba. Sassa na 66 da 107 da 137 da 182 sun hana ɗan irin wannan ƙungiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa.

Sashe na 318 ya zayyana alamomin ƙungiyar asiri: amfani da rantsuwa da alamomin ɓoye domin fifita mambobi ba tare da la'akari da cancanta ko adalci ba, ɓoye sunayen mambobi, da gudanar da taruka a asirce. Kundin bai ambaci sunan wata ƙungiya ba, kuma shugabannin Freemason da na Reformed Ogboni suna musanta cewa ma'anar ta shafe su. Baraden Katolika kuwa suna kafa hujja da cewa mambobinsu sanannu ne, suna fita bainar jama'a, kuma bishop na da ikon duba lamuransu. A 2020 Knights of Columbus ta buɗe bikin shigar da mambobinta ga iyalai da baƙi, bayan fiye da ƙarni guda ana yin sa a rufe.

A ɓangaren Musulunci ma, majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yanke hukunci a 1978 cewa bai halatta Musulmi ya shiga Freemason ba.

Yadda batun yake a karkara

A ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, batun na da wata fuska dabam. An kafa yankin a matsayin hukumar mishan mai zaman kanta a 1995 ƙarƙashin limaman SMA, ya zama cikakken dayosis a 2020, da Bishop Bulus Dauwa Yohanna a matsayin shugabansa. A garuruwa irin su Salka da ke Ƙaramar Hukumar Magama, ƙasar Kambari inda cocin UMCA ta daɗe da kafuwa, yawancin masu bi manoma ne, kuma Freemason ba ita ce damuwarsu ba. Abin da ya fi kusa da su shi ne al'adun gargajiya na maza zalla, irin su Magiro da aka sani a tsakanin wasu ƙabilun yankin, waɗanda ake ɓoye sirrinsu ga mata da yara. Waɗannan suna da tushe a bautar gargajiya, saboda haka coci-coci ke kallon su a matsayin batun addini kai tsaye.

Sai dai ma'aunin da Cocin Katolika ke amfani da shi bai sauya ba daga birni zuwa ƙauye. Tana duba abin da mutum ya rantse a kai, da wanda ke da ikon bincikar ƙungiyar, da kuma ko biyayya gare ta za ta sa a danne haƙƙin wanda ba mamba ba. Wannan tambaya ta ƙarshe ta shafi baraden su ma, domin ƙungiyar da ta tara alƙalai da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata tana iya faɗa wa son kai ko da ba ta da rantsuwar ɓoye.