Kalmar "Ruwa" a Bakin Manomi: Nazarin Faɗaɗar Ma'ana Daga Gafasa

Gabatarwa

Da zarar damina ta kankama a Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi a ƙasar Gaya, gaisuwa ma takan sauya. Sai ka ji an ce, "Malam, yaya ruwa?" a amsa, "Ruwa ya yi gyara." Ba mai ƙara "sama", domin wanda geronsa da dawarsa ke gona ya san ruwan da ake nufi. Matsayin wannan maƙala shi ne, ma'anonin kalmar ba a warwatse suke ba. Daga halayen ruwa uku da manomi ya sani suka tsiro.

Halaye Uku

Na farko, ruwa yana ratsa abin da ya taɓa. Zanen da aka tsoma a marina, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, launin ruwan yake ɗauka. Wannan ya sa launi ya zama ruwa: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa. Haka kuma mai cewa "ba ruwana" yana nufin lamarin bai jiƙa shi ba, abin da kuwa ya game kowa sai a kira shi ruwan dare.

Na biyu, ruwa yana haɓaka abin da aka shuka. Shi ya sa ƙarin da bashi ke haifarwa ya zama kuɗin ruwa, asalin kuwa uwar kuɗi.

Na uku, ruwa ne maganin tsananin buƙata. Mai azumi "shan ruwa" yake yi, ko da kunu da ƙosai ne a gabansa. Wanda aka matsu a gani ana nemansa ruwa a jallo, rikicin da aka kashe ba tashin hankali kuma an warware shi cikin ruwan sanyi.

Kammalawa

Wani zai ce kalmomi ne daban da suka yi kama a furuci. Amma zaren da ya haɗa su a fili yake ga duk wanda ya taɓa jiran ruwan shuka. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun yi aikin tattara kalmomi. Abin da ya rage shi ne bin sawun ma'ana. Kira ga ɗaliban ilimin harshe: a je karkara irin Gafasa, a zauna da dattawa, a rubuta yadda suke sarrafa kalmar.