Ƙungiyar AACM ta Shikago da Sana'ar Makaɗan Jaz Mara Ƙaidi

Kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatan Amurka suka samar a farkon ƙarni na ashirin, ya ginu ne tun asali a kan ƙirƙira nan take, wato makaɗi ya riƙa fitar da sabon sauti a daidai lokacin da yake busa ko kaɗawa. Sai dai har ƙarshen shekarun 1950 ƙirƙirar tana gudana ne a cikin shinge, domin akwai sananniyar waƙa da ake tashi da ita, da jerin sautukan da aka riga aka tsara, da kuma bugun ganga mai ƙirga lokaci. Mabushin saksafon Ornette Coleman na cikin waɗanda suka fara ture wannan shinge, kuma faifansa Free Jazz, wanda aka naɗa a watan Disamba na 1960, inda makaɗa takwas suka kasu gida biyu suna kiɗa lokaci guda har kusan minti 37, shi ya bai wa salon sunan da aka san shi da shi, wato jaz mara ƙaidi.

'Yancin da aka samu a kiɗa bai zo da abin sakawa a bakin salati ba. Sana'ar jaz ta dogara ne a kan gidajen rawa da mashaya, waɗanda ribarsu ke fitowa daga cinikin abin sha, don haka masu gidajen ba su da muradin kiɗan da ba ya rawuwa, wanda kuma yake neman mai sauraro ya yi shiru ya natsu na tsawon sa'a guda. Coleman kansa ya yi aikin kula da lif a wani kanti a Los Angeles kafin ya yi suna, Cecil Taylor kuwa, duk da ƙwarewarsa a fiyano, ya yi wankin kwanuka a Niyok lokacin da ba mai gayyatarsa wasa. A 1964 Bill Dixon ya tara makaɗan wannan salo a wata ƙungiyar neman haƙƙi a Niyok, amma saɓanin 'yan ƙungiyar ya wargaza ta cikin 'yan watanni.

A Shikago ne irin wannan yunƙuri ya kama ƙasa. A watan Mayu na 1965 makaɗan fiyano Muhal Richard Abrams da Jodie Christian, da makaɗin ganga Steve McCall, da mabushin ƙaho Phil Cohran, suka kira taro a kudancin birnin, unguwar baƙar fata da gidajen rawanta ke ta rufewa a lokacin, suka kafa ƙungiyar ciyar da makaɗa masu ƙirƙira gaba, wadda aka fi sani da AACM. Tushenta shi ne wani rukunin gwaji da Abrams ya ɗauki shekaru yana jagoranta, inda ake buƙatar kowane makaɗi ya zo da kiɗan da shi ya tsara. Wannan ce ta zama babbar ƙa'idar ƙungiyar: ba a kaɗa komai a tarukanta sai abin da 'ya'yanta suka ƙago. Sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ya sa suka raba aiki a tsakaninsu, su ke kama hayar zaure a coci ko cibiyar unguwa, su buga takardun talla, su sayar da tikiti a bakin ƙofa, su biya kuɗin ƙungiya daga aljihunsu, sannan daga baya suka buɗe makarantar kyauta ga yaran unguwa. Wannan aikin wahala, wanda marubutan tarihin jaz suka daɗe ba su ba shi muhimmancin da ya dace ba, shi ne ya bambanta su da takwarorinsu na Niyok, kuma ya cancanci a auna shi daidai da faya-fayan da suka bari.

Kiɗan nasu ma ya fita daban. A faifan Roscoe Mitchell mai suna Sound, na 1966, an ji shiru ya zama wani sashe na kiɗan, an kuma ji ƙananan kayan sauti irin su ƙararrawa da usur da gwangwani suna zaune kafaɗa da kafaɗa da saksafon. A 1969 Anthony Braxton ya naɗi For Alto, faifai biyu cur na saksafon shi kaɗai ba tare da ganga ko fiyano ba, abin da ba a saba ji ba kafin nan.

Duk da haka Shikago ba ta iya riƙe su ba. A 1969 Mitchell da Lester Bowie da Joseph Jarman da Malachi Favors suka tsallaka zuwa Faransa, bayan Bowie ya sayar da kayan gidansa domin kuɗin tafiya, kuma a birnin Faris ne aka san su da suna Art Ensemble of Chicago, suka naɗi faya-fayai fiye da goma cikin shekara biyu kafin su koma gida a 1971. Tun daga nan bukukuwan kiɗa da ƙananan kamfanonin faifai na Turai suka zama babbar hanyar samun kuɗin waɗannan makaɗa, alhali a ƙasarsu Braxton ya taɓa komawa neman na abinci da wasan darar Turawa a wani dandalin Niyok. Neman asali ya kai wasunsu Afirka: a 1977 Bowie ya sauka Legas, ya zauna wurin Fela Kuti, kuma ana jin ƙahonsa a faifan Fela mai suna No Agreement.

Mataki na gaba shi ne jami'a da kyaututtukan gidauniya. Braxton ya fara koyarwa a kwalejin Mills a 1985, ya koma jami'ar Wesleyan a 1990, ya sami kyautar MacArthur a 1994. George Lewis, wanda ya shiga ƙungiyar a 1971, ya zama farfesa a jami'ar Columbia, ya kuma wallafa cikakken tarihinta a 2008, Henry Threadgill kuma, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya karɓi lambar Pulitzer a 2016. Girmamawar ta dace da su, ko da yake ta zo bayan furfura ta fito, kuma ta zo da nata farashi, domin kiɗan da aka haifa don mutanen kudancin Shikago ya wayi gari mafi yawan masu sauraronsa ɗalibai ne da Turawa masu hali, a zaurukan da 'yan unguwar ba kasafai suke shiga ba.

Akwai kuma waɗanda ba su tafi ba, kuma da su ne sana'ar ta ci gaba da numfashi a gida. Fred Anderson, mabushin saksafon da ke cikin 'yan ƙungiyar na farko, ya zauna a Shikago yana aikin shimfiɗa darduma a gidajen mutane domin ya riƙe iyalinsa, sannan tun farkon shekarun 1980 ya riƙe wata ƙaramar mashaya mai suna Velvet Lounge, inda shi da kansa yake karɓar kuɗin ƙofa, yana barin matasa su hau dandamali su gwada abin da suka tsara. A can ne mabushiyar sarewa Nicole Mitchell, wadda a 2009 ta zama mace ta farko da ta shugabanci AACM, ta goge a sana'ar tare da tsararrakinta. Anderson ya rasu a 2010 yana da shekara 81, kuma kafin shekarar ta ƙare aka rufe mashayar.